Imam Umaru na Kete-Krachi, Mawaƙin da Ya Rubuta Zango

  

A shekarar 1934 ne Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Kodebuwa daga Bingerville suka kawo shi Abijan. A cikin wannan shekarar kuma, can gabas da mu a bakin kogin Volta, jama'ar zangon Kete-Krachi suka binne limaminsu, Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu, wanda aka fi sani da Imam Umaru ko Alhaji Umaru Salaga. A Kano aka haife shi, a ƙasar Hausa ya yi karatu, amma shekaru arba'in na ƙarshen rayuwarsa a ƙasar baƙunci ya yi su, tsakanin fataken goro irin kakanninmu. Ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya bar zube da ajami, kuma yana cikin 'yan ƙalilan ɗin malaman zamaninsa da suka ɗauki rayuwar zango a matsayin abin da ya cancanci tawada da takarda. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihinsa, domin duk Bahaushen da ke zaune nesa da gida yana da rabo a cikinsa.

Hanyar goro

Ba a fahimtar Imam Umaru sai an fahimci hanyar da ta kai shi inda ya je. Goron da ake ci a Kano da Sakkwato da Barno a ƙarni na 19, daga dazukan Asante yake fitowa, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Sarakunan Asante ba su yarda fataken arewa su shiga daji su saya da kansu ba. Sai dai a haɗu a Salaga, cikin ƙasar Gwanja, a yi ciniki a can. Wannan ne asalin kalmar fataucin Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna da alfadarai, a ƙarƙashin madugu da jagaba, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya faɗa Sansanne Mango da Yendi kafin ya sauka Salaga. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan kusa cinye shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da ita. Suna kai kanwa da tufafin rini da kayan fata da gabu, suna komowa da goro. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: Salaga babbar kasuwar bayi ce, 'yan Adam da yawa an sayar da su a can, kuma fatakenmu suna cikin masu wannan ciniki.

Hanyar ba ta tsaya a Gwanja ba. Reshenta ya miƙe yamma zuwa Bonduku da Kong, garuruwan da yau suke cikin Kodebuwa. Bafaranshen nan Louis-Gustave Binger, wanda aka sa wa Bingerville sunansa, ya ratsa Kong da Salaga da Bonduku a 1888, ya kuma rubuta cewa ya tarar da unguwar Hausawa da marinarsu a Kong. Sunan Maraba da Dioula ke kiran mu da shi tsoho ne, tun daga wancan zamani. Ashe ke nan zuwan Bahaushe wannan ƙasa ya girmi tashar jirgin ruwa, ya girmi layin dogo, ya girmi Abijan ɗin kanta.

Ɗan fatake, almajirin malamai

An haifi Umaru a Kano wajajen 1858. Zuriyarsu daga Kabi take, shi ya sa yake sa hannu a rubuce-rubucensa da al-Kabbawi al-Kanawi, daga baya aka ƙara al-Salghawi, wato na Salaga. Mahaifinsa malami ne kuma ɗan fataucin goro. Yaron ya sauke Alƙur'ani a Kano, ya shiga littattafai, sa'an nan ya fita neman ilimi zuwa yammacin ƙasar Hausa, wajajen Sakkwato da Gwandu da Kabi. Yana karatu yana bin ayari, har ya san ƙasashen Zabarma da Dandi da Borgu da Mosi da Gurunsi da ƙafarsa. Wannan yawo shi ya ba shi jarin da ya ci gajiyarsa daga baya: sanin sunayen garuruwa, da na sarakunansu, da abin da kowace ƙasa ke nomawa ko ƙerawa.

Littafinsa na farko da aka sani ya rubuta shi a 1877, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka. Sunansa al-Sarha al-Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, kuma jagora ne na rubuta wasiƙa: yadda ake rubuta wa sarki, da malami, da aboki, da wanda ake bi bashi. Wanda ya san zango ya san amfanin wannan. Fatake suna da dukiya warwatse a garuruwa da dama, da amana a hannun masu masauki, da iyali a gida. Abin da ke riƙe duk wannan shi ne takardar da malami ya rubuta aka ba ɗan ayari ya kai. Tun daga aikinsa na fari ke nan, Umaru ya ɗora ilimin zaure a kan buƙatar mutanen hanya.

Faɗuwar Salaga

A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Da ƙarfin Asante ya raunana, mutanen Gwanja suka yi musu tawaye, Asante kuwa suka mayar da martani da karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo da Atebubu. Salaga ta fara ja da baya tun daga nan. Umaru ya zauna a cikinta sosai wajajen 1892, ya buɗe makaranta, kuma a wannan shekarar ce yaƙin basasa ya tashi tsakanin gidajen sarautar Kpembe. Kpembe shi ne mazaunin sarakunan ƙasa, Salaga kuwa garin baƙi ne da ke gefensa. Rikicin sarauta na masu ƙasa ne, amma baƙi ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Aka washe gidaje, kasuwa ta watse, fatake suka bazu zuwa Yeji da Kintampo da Kete da sauran garuruwa. Birnin da ake yi wa kirari da yawan rijiyoyi ya kama hanyar zama kufai.

A Salaga ne Umaru ya san wani Bajamushe mai binciken harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Malam Musa. A 1896 ya bi sawun jama'arsa zuwa Kete-Krachi, wadda a lokacin ta faɗa hannun Jamusawan Togo. Can ma tsarin ɗaya ne da na Salaga: Krachi garin masu ƙasa ne, mazaunin tsafin nan mai suna Dente, Kete kuwa zango ne na Musulmi baƙi. Mu da muke zaune a Adjamé, kusa da ƙauyen Ebrié masu asalin wurin, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayanin irin wannan zama. Labarin da ake bayarwa shi ne, da gardamar limanci ta tashi a Kete, jami'in Jamus mai kula da wurin ya sa masu neman kujerar su karanta daga ƙamusun Larabci a gaban jama'a, Umaru ya yi rinjaye. Ya zama limamin Kete, ya riƙe limancin har ƙarshen rayuwarsa, almajirai suna zuwa masa daga zangunan ƙasar Gwalkwas da Togo.

Waƙoƙin zuwan Nasara

A Kete ne ya rubuta waƙoƙin da suka fi ɗaukaka sunansa. Uku daga cikinsu a kan mamayar Turawa suke. Biyu da Larabci: Mashra'u Ma'il Khabar a 1899, da Nazmul La'ali wajajen 1900. Ta uku da Hausa, wadda aka sani da Waƙar Nasara, a 1903, shekarar da Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli.

Abin da ke cikinsu ya bambanta da waƙoƙin wa'azin da muka saba ji. Yana bayyana yadda Turawa suka fara zuwa da lallami, suna cewa ciniki ya kawo su da zaman lafiya, suna raba kyauta da tutoci, sa'an nan bayan sun gama sanin ƙasa suka juyo da bindiga. Bayan haka sai ya shiga jero sunaye: gari bayan gari, sarki bayan sarki, wanda ya yi yaƙi, wanda ya gudu, wanda ya miƙa wuya. Samori yana cikin waɗanda ya ambata, kuma labarin Samori na wannan ƙasa ne, domin shi ya ci Bonduku a 1895, ya rushe Kong a 1897, Faransawa suka kama shi a Guélémou a 1898.

Mai karatun yau zai iya ƙosawa da wannan jerin sunaye. Amma a tuna da masu sauraron farko. Mutane ne da kowannensu ya fito daga wani gari, ba jarida, ba rediyo, sai abin da ayari ya kawo. Idan aka rera waƙar a zaure, Bakatsine zai ji an kira garinsu, Bazabarme zai ji an kira nasu, Banufe haka. Kowa zai gane cewa abin da ya sami garinsu ya sami ƙasar baƙar fata gaba ɗaya. Mazaunin zango ne kaɗai zai iya ganin abin da wannan faɗi, domin zango ne wurin da labarin kowace ƙasa ke sauka. Malamin da bai taɓa fita birnin Kano ba zai ga faɗuwar Kano. Umaru, daga bakin Volta, ya ga faɗuwar Kano tare da ta Yendi da Wagadugu da Bida, ya kuma ɗinke su cikin ƙasida ɗaya.

Talauci, annoba da makoki

Bai tsaya kan sarakuna da yaƙi ba. Waƙar Talauci da Wadata, wadda ya yi da Hausa, ta duba yadda jama'a ke auna mutum da abin hannunsa: matalauci ko ya faɗi gaskiya a taro ba a saurare shi, 'yan'uwansa suna gudunsa, mai dukiya kuwa ana yaba masa ko da abin da babu. Wanda ya zauna cikin 'yan kasuwa, ya ga mai arziki ya wayi gari ba ko taro bayan faɗuwar Salaga, shi ya san wannan darasi da idonsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gaishe da mutum a tashar Adjamé ranar da kayansa suka iso lafiya, da yadda ake gaishe shi ranar da suka lalace a hanya, zai ɗauka jiya aka yi waƙar.

A 1913 ya tafi aikin hajji. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umarul Futi, wanda ya yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi, ya karɓi ɗarikar Tijjaniyya. Kafin ya komo duniya ta sake juyawa: yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, Jamusawa sun rasa Togo, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Sai ga annobar mura ta 1918 zuwa 1919, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya. Ya yi mata waƙa da Larabci, amma ya kira ta da sunan da Hausawa suka ba ta, Tunkuyau, ya bi alamominta a jikin mutum ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da roƙon Allah sauƙi. Ya yi makokin ɗansa Alhaji Labbu. Ya yi yabon waɗanda suka kyautata wa malamai da baƙi, cikinsu har da Malam Sallau, Sarkin Zangon Kumasi, wanda asalinsa Bakatsine ne. Idan aka haɗa waɗannan waƙoƙi wuri guda, sai a ga tarihin wata al'umma: cinikinta, cutarta, shugabanninta, da mamatanta.

Kufai da duwatsu

Wani aikin nasa da ya kamata almajirai su sani shi ne fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Baturen Ingila R. S. Rattray, wanda ya san shi ya kuma girmama iliminsa, ya buga wani yanki na wannan fassara a 1934. Waɗanda suka karanci Shu'ara a zaure sun san yadda Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi take. Tana farawa da tsayuwa a kan kufan wani zango da mutanensa suka tashi, tana ƙarewa da hadari da ruwan sama a kan duwatsun ƙasar Larabawa, mawaƙin yana kiran kowane dutse da sunansa: Ƙaɗan, Yazbul, Sabir. A ganinmu, mutumin da ya ga kufan Salaga da idonsa, wanda kuma ya baro Dala da Gwauron Dutse a bayansa, ba zai karanta irin wannan mawaƙi kamar sauran ɗalibai ba. Kiran wuri da sunansa, kada a manta da shi, shi ne abin da Balaraben ya yi, shi ne kuma abin da Umaru ya yi ta yi.

Hakan ya fi fitowa a zubensa. Wani Bajamushe, Adam Mischlich, wanda ya zo da aikin mishan daga baya ya zama jami'in mulki a Kete-Krachi, ya zauna gabansa koyon Hausa, ya kuma buga ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Bisa roƙonsa, Imam Umaru ya rubuta ɗaruruwan shafuka da ajami a kan ƙasar Hausa: noma da kiwo, rini da saƙa da ƙira da jima, kasuwanni, aure da suna, tarbiyyar yara, matsayin bayi, da tarihin dauloli irin su Kabi. Yana zaune a bakin Volta, ya sake gina ƙasar haihuwarsa a kan takarda daga abin da ya riƙe a ka. Yau masu binciken rayuwar Hausawa kafin zuwan Turawa ba sa iya tsallake wannan rubutu.

A nan akwai tambayar da ba za mu kauce mata ba. Ta yaya wanda ya yi waƙoƙi masu zafi a kan Nasara zai zauna yana koyar da jami'insu? Wasu za su ga sassauci ne. Abin da muka fahimta shi ne, limamin zango yana ɗauke da jama'ar da ba ta da ƙasa, ba ta da runduna, kariyarta kawai ita ce mutuncin shugabanninta a idon masu mulki. Ya faɗi abin da ya gani a waƙa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya kuma yi zaman da zai tsare masallaci da makaranta da kasuwa. Sarakunan Hausawa na kowane zango, daga Kumasi har Abijan, sun san nauyin wannan tsayuwa tsakanin jama'arsu da hukuma. Wanda bai taɓa ɗaukarsa ba ya yi a hankali wajen yanke hukunci.

Wani mawaƙi a duwatsun Japan

Tun da maganar mawaƙa da duwatsu ta kawo mu nan, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin kwatanci yana ƙara haske. A zamanin da Imam Umaru ke limanci a Kete, akwai wani mawaƙi a Japan mai suna Iida Dakotsu, wanda ya rayu daga 1885 zuwa 1962. Irin waƙar da yake yi sunanta haiku, gajeruwa ce ƙwarai, gaɓa goma sha bakwai kacal, biyar da bakwai da biyar, kuma a al'adance sai an sa kalmar da ke nuna lokacin shekara. An haife shi a wani ƙauye cikin duwatsun lardin Yamanashi. Ya je Tokyo karatu a jami'ar Waseda, ya zama almajirin babban malamin haiku Takahama Kyoshi, amma a 1909 ya bar birnin ya koma ƙauyensu, ya zauna a can har mutuwarsa. Duwatsun da ke kewaye da gidansa, da sanyinsu, da kakarsu, da jana'izar maƙwabta, su ne abin da ya yi ta waƙewa. Ya kira gidan nasa Sanro, wato bukkar cikin duwatsu, kuma da wannan suna ya fitar da diwaninsa na farko a 1932.

Mutanen biyu ba su san juna ba, addininsu da harshensu da tsawon waƙarsu duk sun bambanta. Ɗaya ya koma gida ya zauna, ɗaya ya bar gida bai koma ba. Amma sun haɗu a abu guda: kowannensu ya zauna nesa da babban birnin ilimin ƙasarsa, ya rubuta wurin da yake zaune, har masu neman ilimi suka riƙa nufo shi a can. Inda suka rabu shi ne abin da ya biyo bayan mutuwarsu. Mujallar da Dakotsu ya jagoranta, Unmo, ɗansa Ryuta ya ci gaba da ita har fitowa ta 900 a 1992. Tun 1967 ake ba da wata babbar lambar yabo ta haiku da sunansa. Gidansa yana nan tsaye, ana kula da shi.

Garin da ruwa ya ci

Kete-Krachi kuwa, shekara talatin bayan rasuwar limaminta, gwamnatin Kwame Nkrumah ta gina madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka kammala a 1965. Tafkin Volta ya taso ya shanye garuruwa da ƙauyuka, aka tashi mutane kimanin dubu 80. Tsohon garin Kete-Krachi yana cikin waɗanda ruwa ya ci mafi yawansu, aka gina sabo a kan tudu. Zangon farko da Imam Umaru ya zauna yaƙi ya watsa shi, na biyu ruwa ya rufe shi. Abin da ya tsira shi ne abin da aka rubuta.

Shi ma rubutun, a duba hannun da ya tsare shi. Almajiransa sun kwafi waƙoƙinsa suna yawo da su a zanguna, wannan shi ne tushe. Amma tattarawa da adanawa, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ce ta yi a shekarun 1960, ƙarƙashin Thomas Hodgkin da Ivor Wilks, tare da Alhaji Usmanu Boyo wanda ya bi gari gari yana aro littattafai a hannun malamai ana ɗaukar hotonsu. Zuben da ya rubuta wa Mischlich ya tafi Jamus. Wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na uku a kansa a 1973. Wani malami ɗan ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw, ya buga waƙoƙinsa na Hausa, ya kuma fitar da littafin zubensa na ajami a 2000. Muna gode musu, don sun yi aikin alheri. Amma abin tunani ne a ce ɗalibi a Warsaw ya fi ɗan zango sauƙin samun Waƙar Talauci da Wadata.

Abin da ya rage gare mu

Layin dogon Abijan an fara shi a 1904, an buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, kuma kowane ɗayan waɗannan ya jawo ayarin mutanenmu daga Nijar da Najeriya da Gana. Goron da kakanni suka bi zuwa Salaga, yau a Anyama ake ɗaure huhunsa. Mun yi masallatai, mun yi makarantun allo, mun yi sarauta, mun binne iyaye a wannan ƙasa. To, ina rubutun? Wa ya fara sauka a unguwarmu, daga wane gari, a wace shekara? Wa ya ba da filin masallaci? Su wane ne limamai da sarakunan Hausawa, bi da bi? Mafi yawan wannan ilimi yana cikin kawunan tsofaffi, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani yanki nasa. 'Ya'yanmu sun fi sakewa da Faransanci da Dioula, wanda ba laifi ba ne, amma kaɗan ne cikinsu ke iya karanta wasiƙar ajamin da kakansu ya bari. Rusau ɗin da muka gani a unguwannin Abijan a 2024, da ambaliyar da ke zuwa kowace damina, sun isa su tuna mana cewa ba Kete kaɗai ba ce unguwar da za ta iya ɓacewa.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Duk gidan da ke da adakar takardun mahaifi ko kaka, wasiƙu ne, ko lissafin goro da shanu, ko waƙar da wani malami ya rubuta, a buɗe ta kafin gara da laima su riga mu. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, asalin kuma ya zauna a hannun masu shi. Matasa su zauna gaban dattawa da izininsu, su naɗi muryarsu, su tambayi sunaye da shekaru da garuruwa, sa'an nan a rubuta. Malaman allo su ware ko da yini ɗaya a mako don koyar da karatun ajamin Hausa, tun da yaran sun riga sun san baƙaƙen. Masu baiwar waƙa a cikinmu kuma, bayan yabo da bege, su waiwayi inda suke zaune: Liberté da tasha da kasuwa, ruwan Yuni, jirgin da ke ƙetare tafki zuwa Treichville, da mutanen da suka rayu suka mutu a nan. Imam Umaru bai jira ya koma Kano kafin ya ɗauki alƙalami ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka wa almajiransa da duk wanda ya tsare rubutunsa da alheri. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wurin zama a wannan ƙasa, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wanda ke da wata takarda ko wani labari na kafuwar unguwarsu, ya sanar da dattawan unguwa domin a san yadda za a adana.